Sabon Bugun Mato Ɗayyar

A unguwar Ammariyya ta Jidda, idan ka ce Mato kake nema, sai a tambaye ka wane Mato, domin suna da yawa. Idan kuwa ka ce Ɗayyar, ko mutumin Yaman mai kantin bakin layi zai nuna maka ƙofar. Ɗayyar da Larabci shi ne matuƙin jirgin sama. Mutumin nan ya shekara sama da talatin yana amsa wannan suna, har da gyara zaman hula idan an kira shi, alhali ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Mijin yayata Salamatou ne. Ni Aissa ƙanwar matarsa ce, saboda haka abokin wasana ne, al'ada ta ba ni izinin in yi masa tsiya son raina, shi kuma ya yi dariya. Na mori wannan izini har ya gundure ni.

Daga Damagaram suka taso a shekarar 1976, shi da Salamatou tana amarya. Ta ƙasa suka bi, a bayan manyan motoci, suka ratsa Chadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Niyyarsu su sauke farali, ya ɗan yi aiki, su koma gida. Sai ya samu kafili, wato Balaraben da zai tsaya masa a ba shi takardar zama, wani ɗan kasuwa mai babbar ma'ajiyar littattafai a unguwar masana'antu ta Jidda. A can ana kiran irin wannan ma'ajiya mustauda. Aikin Mato a mustauda shi ne ya ɗauki katan daga mota ya kai ciki, ya ɗauko katan daga ciki ya kai mota. Ya yi lakwal kaɗan a gida, wato makarantar boko, ya san baƙaƙen boko da lambobi, kuma wannan ɗan sanin ne ya zame mana masifa.

Wata shekara aka yi ruwan sama irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai ya yi ɓarna. Rufin mustauda ya yi yoyo, wani katan ya jiƙe, mai gida ya ce a zubar. Mato ya ɗora shi a kai ya kawo gida. Ƙananan littattafai ne sirara da Turanci, masu shuɗin bango, kowanne a kan jirgin yaƙi guda, da zanen wurin zaman matuƙi da agogunansa, an sa wa kowane maɓalli lamba. Asalinsu an rubuta su ne don matuƙan Turawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya wani kamfani ya sake buga su saboda tsofaffin sojoji da masu son tarihi. Mato bai san wannan ba. Ya juya bayan littafi ya ga an rubuta 1978, ya shinshina ya ji ƙamshin tawada, ya ga takarda fara tas inda ruwa bai taɓa ba. Nan take ya yanke hukunci: sabon bugu ne, saboda haka sabon ilimi ne. Salamatou ta shanya masa su a kan igiya tare da zannuwanta.

Turanci kuwa ba ya ji. Sai Allah ya haɗa shi da Hadi, wani Bazazzagi mai aikin gwajin jini a wani asibiti, wanda ke zuwa gidansu ran Juma'a saboda tuwon Salamatou. Bayan an ci an sha, Mato ya baje littattafai, Hadi ya fassara. Da suka fara daga farko, bayanin tankin mai ne da bututu, mutane suka riƙa hamma. Hadi mai son raha ne, sai ya tsallaka zuwa ƙarshen littafin, inda ake bayanin abin da matuƙi zai yi idan al'amura sun dagule: idan inji ya kama wuta, idan tayoyi sun ƙi fitowa, idan za a faɗa teku, idan babu sauran dabara sai mutum ya buɗe murfi ya diro da laimar sauka. Nan majalisa ta yi daɗi. Daga ranar, kowane littafi ta ƙarshe ake fara shi, a ƙarshen kuma ake tsayawa. Haka Mato ya haddace duk hanyoyin da jirgi ke bi ya faɗo, ba tare da ya san ko guda da yake bi ya sauka lafiya ba.

Sai ku gan shi da la'asar a ƙofar gida. Ya zauna a kan kujerar ƙarfe, ya kafa muciyar Salamatou tsakanin gwiwoyinsa, ya sa tabarau na masu walda, yana nuna wa dattawa masu gemu yadda ake karkata jirgi idan abokin gaba ya biyo ka ta baya. A lokacin filin jirgi yana cikin gari, jirage na wucewa ta saman unguwa. Da ya ji ƙara sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karkace kai, ya ce injin hagu na wannan yana tari, ba zai kai Alƙahira ba. Jirgin ya je Alƙahira ya dawo, ba wanda ya zo ya tambaye shi. Mutanen da suka wuni suna ɗaukar buhu da share titi suna son abin da zai ɗauke musu hankali, shi ya sa suka laƙaba masa Ɗayyar. Da wasa suka ba shi sunan, shi kuwa ya karɓa da gaske.

Ni na iso Jidda a 1984 tare da mijina Saleh, kuma a jirgin sama muka zo. Ko mayafi ban cire ba Mato ya tsare ni da tambaya.

"Ta wane ɓangare hayaƙin ya fara fita?"

"Yaya Mato, wane hayaƙi? Shinkafa da kaza suka ba mu."

"Sun raba muku laimar sauka?"

"Bargo suka raba."

Ya girgiza kai, ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Bargo. Bon, ke ba laifinki ba ne, ke kaya ce. Katan ɗin da nake lodawa a mota ya san ramin da direba ya kauce wa?"

"To kai da ka sani, sau nawa ka hau?"

"Wanda ya sani ai ba ya hawa," in ji shi. Aka yi dariya, ni ma na yi. A lokacin abin dariya ne.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi a shekarun nan shi ne yadda yake karɓar mugun labari. Duk sa'ad da rediyo ta ce jirgi ya faɗi a wata ƙasa, ko da a bangon duniya ne, sai ya yi wanka ya sa farar riga ya fito, yana salati da baki, fuskarsa kuwa kamar ta wanda aka yi wa haihuwa. Dubban jiragen da ke sauke alhazai kowace shekara a gabansa, waɗannan ba ya lissafa su.

Mahaifiyarmu, Inna, tana Damagaram. Kowace shekara takan aiko mana da kaset ta hannun alhazai, ta zauna gaban rikoda ta ba mu labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu da yadda gero ya yi. Salamatou ba ta ƙara ganinta ba tun ranar da aka kai ta bakin mota tana amarya. Ni na je sau biyu na dawo. Ita kuwa kullum sai an ce mata baɗi. Sunanta yana cikin iƙamar mijinta, takardar zaman da ya samu ta hannun kafili, kuma ba za a buga mata izinin fita da dawowa ba sai shi ya nema. Ko da ma ba haka ba, Salamatou ba macen da za ta sa ƙafa waje ba da yawun miji ba ce.

Kaset ɗin 1996 gajere ne. Muna zaune mu biyu a tsakar ɗaki muka sa shi. Muryar Inna ta ƙanƙance, tana magana tana hutawa. Ta gaida kowa da sunansa, har Mato, ta ce a gaida surukinta mai ilimin jirgi. Sannan ta ce, "Salamatou, idan da hali ki zo. Ba wani abu nake so ki kawo mini ba. So nake in ga yadda kika tsufa."

Da Mato ya dawo daga aiki, Salamatou ta bari ya ci abinci, ta durƙusa gefensa. Ina wurin.

"Baban Jabiru, ka ji saƙon Inna. Ga Jabiru ya girma, zai iya raka ni. Saleh ya ce zai bi mana takardun, kai dai ka yi wa kafili magana."

Bai yi faɗa ba, da ma ba mafaɗaci ba ne. Ya tashi ya ɗauko littafi guda, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan layin da ba ya iya karantawa.

"Ki saurara, Salamatou. Nan an ce idan wuta ta kama, ka kashe mai, ka kifar da jirgin, ka buɗe murfi, ka saki kanka. Wannan matuƙi ke nan, mai laima a baya. Ke fa? Ke da ciwon ƙafa, ko matakalar gidan nan sai kin huta a tsakiya. In ɗauke ki da hannuna in sa ki cikin abin da na san cikinsa? Wallahi ba zan iya ba. A bari hanyar ƙasa ta gyaru, ni da kaina zan kai ki."

Hanyar ƙasa kuwa kowa ya san ta lalace, kuma ƙafar Salamatou ba za ta jure makonni a bayan babbar mota ba. Ta ce to. Ta kwashe kwanuka ta fita, na ji tana wanke su a hankali.

Washegari na je har asibiti na nemo Hadi. Na ce masa shi ya ƙulla wannan abu, sai ya zo ya kwance. Bawan Allah ya zo ran Juma'a, ya ƙi cin tuwo sai an yi magana. Ya ɗauki littafin, ya raba shafukan farko da ruwa ya manne tun shekarun baya, ya nuna wani ɗan ƙaramin rubutu.

"Malam Mato, dubi nan. 1943. A shekarar aka rubuta shi. Wancan na baya shekarar da aka sake bugawa ce kawai. Waɗannan jiragen tun kafin a yaye ka aka daina hawansu, yanzu suna miziyam, gidan kayan tarihi, yara na zuwa kallo. Na alhazai wani abu ne daban. Ni don nishaɗi nake karanta maka."

Mato ya karɓi littafin ya duba lambar da kyau, ya yi murmushin tausayi.

"Likita, wannan lambar jirgin ce, kamar lambar mota. Kai jini ka karanta, ni kuwa a mustauda nake. Littafin da ya mutu ba a sake buga shi, a sikeli ake auna shi a sayar wa masu ƙunshin gyaɗa. Kana nufin Bature zai ɓata takarda da tawada a kan abin da ya daina aiki? Tunda aka sake bugawa, ana nan ana amfani da shi. Halas, magana ta ƙare."

Hadi ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Mato ya saurare shi da ladabi, irin sauraron da babba ke yi wa yaro mai ƙoƙari. Ba da daɗewa ba kwantiragin Hadi ya ƙare, ya koma Zariya, a jirgin sama, ya aiko da gaisuwa cewa ya sauka lafiya. Mato ya ce Allah ne ya rufa masa asiri.

Saura ni. Na same shi a majalisarsa da la'asar, dattawa sun kewaye shi. Ban taɓa durƙusa masa ba a rayuwata, ranar na durƙusa.

"Yaya Mato, yau ba wasa na zo yi ba. Inna tana mutuwa. Ka bar Yaya ta tafi. Idan ta rasu ba su gana ba, alhakin yana wuyanka, kuma ni ba zan yafe maka ba."

Ya dube ni a durƙushe, sai ya tuntsire da dariya har tabarau ɗin walda ya zamo masa kan hanci.

"Jama'a ku ga sabon salo. Yau kuma da durƙuso aka zo. Aissa, ke dai ba ki rabo da iya shege."

"Na rantse da Allah da gaske nake."

"Har da rantsuwa," in ji wani dattijo, yana share hawayen dariya. "Mijin ya da ƙanwar mata, ai ba a shiga tsakaninku."

Na yi kuka a gabansu, suka ce na iya kwaikwayo. Shekara goma sha biyu ina zagin mutumin nan yana dariya, ranar da nake buƙatar ya ji zafin maganata, ba ta da sauran kaifi. Ban taɓa tsanar wata al'ada kamar yadda na tsani wannan a ranar ba.

Ni da Saleh muka tafi. Salamatou ta ba ni turare da dabino da sabon zane in kai, ta kuma yi wa Inna kaset, rabinsa shiru ne. Da na shiga ɗakin Inna a Damagaram, ta riƙe hannuna, amma idonta yana bayana, a kan labulen ƙofa. Na ce mata takardun Yaya ne ba su fito ba. Ta ce ba komai, takarda sai a hankali. Duk wanda ya ɗaga labulen nan sai ta juya kai, ko da mai kawo ruwa ce. A haka ta cika, kafin watan ya ƙare.

Da na dawo Jidda, Mato ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ya yi sadaka, ya sa aka sauke Alƙur'ani. Duk abin da suruki na gari ke yi ya yi. Da ya gan ni ya yi mini ta'aziyya, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko na lura da tayoyin jirgin wajen sauka.

Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Bai taɓa ɗaga wa Salamatou hannu ba, bai taɓa barinta da yunwa ba, idan ƙafarta ta kumbura shi ke dafa ruwa ya gasa mata. A ganinsa ceton ranta ya yi, kuma har yana jiran ranar da za ta gode masa. Ita kuwa ba ta ƙara ta da maganar ba. Takan sa tsohon kaset ɗin Inna idan tana tsintar shinkafa, har zaren ya saki, muryar ta koma kamar ta mai magana a cikin rijiya. Littattafan kuma ita ke kaɗe musu ƙura duk mako, domin kayan mijinta ne. Ta rasu a 2008, aka binne ta a Jidda. Damagaram ɗin da ta sani ita ce wadda ta gani daga bayan mota tana amarya.

Bayan shekara uku kafilin Mato ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da mustauda. Ba wanda zai ɗauki nauyin tsoho mai ciwon baya, saboda haka aka buga masa huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Ya yi ta zarya bakin teku yana neman jirgin ruwa, aka ce masa wannan zance ya wuce. Jabiru, ɗansu, wanda Hausarsa ta fi ƙarfi a kunne fiye da a baki, shi ya yanko masa tikiti zuwa Yamai.

Ku zo ku ga shiri. Ya sha rubutu har cikinsa ya ɗauki ƙugi. Ya bi layi gida gida yana neman gafara, ya roƙi mai kanti, ya roƙi mai wanki, ya roƙi mutumin da ya taɓa taka wa ƙafa a masallaci. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ke kam tsakaninmu wasa ne, babu abin yafewa." Littattafan sun yi wa jakarsa nauyi, ya kawo mini su a cikin katan ya ce in adana, amana. Guda ɗaya ya soke a aljihu, wai ko matuƙi zai buƙaci shawara. A filin jirgi ya tirje, Jabiru ya riƙe shi yana cewa, "Yalla ya Baba, halas, ma fi mushkila, ba matsala, ka tafi bas." Aka tura Ɗayyar ciki kamar ragon da ya hango wuƙa.

Washegari da hantsi ina zaune a bakin titi inda nake sayar da gyaɗa. Na riga na buɗe katan ɗin, na yage shafukan farko, ina naɗa su ina zuba gyaɗa. Takardar tana da kauri, ba ta shan mai. Sai wayata ta yi ƙara, lambar Nijar.

"Aissa? Ni ne. Na sauka."

"Barka."

"Ke, ashe ba komai ba ne." Muryarsa wasai, kamar ta yaro ran salla. "Wallahi ko girgiza bai yi ba. Kamar kana zaune a ɗaki. Har shayi suka ba mu, da wani ɗan burodi mai laushi. Na ce bari in ɗan rufe ido, sai ji na yi ana tashina, wai mun iso. Ko ƙafa ba ta kumbura, akwai wurin miƙe ta. Ai ko mai ciwon ƙafa zai iya."

Wata mata ta tsaya sayen gyaɗa, na miƙa mata ƙunshi mai zanen agogunan jirgi, ta wuce.

"Kina ji na? Yau ba za ki tsokane ni ba?"

"Ina ji, Yaya Mato. Idan ka isa Damagaram, kafin ka shiga gida, ka biya ta maƙabarta. Ka nemi inda Inna take ka gaya mata ashe ba komai ba ne. Ita ce ke jiran labarin."

Ya fashe da dariya har da tari. Na ji yana gaya wa na kusa da shi cewa ƙanwar matarsa ce, wai har ta tsufa ba ta bar wasa ba.

Na kashe wayar, na jawo littafi na gaba.